Dutsen Kawu Bitrus Mai Ɗakuna

Ku da kuka san Kawu Bitrus, yayan mahaifiyata, kun san ba ya wuce dutse bai lasa ba. Wallahi lasa! Ya duƙa ya ɗauka, ya goga a wando, ya sa harshe, sannan ya ɗaga shi sama yana ƙanƙance ido. Wai sai dutse ya jiƙe yake faɗin gaskiya.

Aikin haƙa rijiyar burtsatse ne ya jawo mana. A wajen Bida suka fasa wani dutsen yashi, ya tsinci abu a naɗe kamar dodon-koɗi, cikinsa ɗaki-ɗaki. Wani malamin jami'a ya ce masa halittar teku ce da ta zama dutse, tun zamanin da ruwan gishiri ya rufe wajen. Shi ke nan, unguwarmu Shango ba ta sake hutawa ba. Buri ɗaya gare shi: mutum guda ya yarda an taɓa yin teku a ƙasar nan.

Maƙwabcinsa Alhaji Ndagi ya juya abin a hannu ya ce, "Bitrus, wannan ai dodon-koɗi ne."

"Ba dodon-koɗi ba ne! Dodon-koɗi ɗaki ɗaya gare shi, kamar ɗan haya."

Matar Kawu, Mama Saratu, ita ce babbar 'yar adawa. Ran nan ya zaunar da ita yana bayani: in dabbar ta girma, sai ta toshe tsohon ɗaki ta gina sabo a gaba. Mama na tsinke alayyafo ta ce, "Ashe ta fi ka zuciya. Ɗakin bayanmu tun hawan farar hula yake jiran kwano."

Wata rana kuma ya dawo ya tarar tana fasa ƙwallon goruba da dutsen. Kai, ranar har muryarsa ta dishe!

"Saratu! Miliyoyin shekaru yana kwance lafiya, sai a hannunki zai ƙare?"

"To da ya zauna a kwabet yana cin ƙura, ba gara ya yi aikin gida ba?"

Da ruwan sama ya cika layinmu wata damina, har kujeru na yawo a tsakar gida, Alhaji ya leƙo ta katanga. "Barka, Bitrus! Tekunka ta dawo." Kawu na tsaye ruwa iya gwiwa, dutsen a kansa cikin hula, ya ce, "Kada ka zagi teku, Alhaji. Wannan kwata ce ta yi ƙiba."

Mun sha dariya, ni ma har da ni, kuma yau ina jin kunyar wasu daga ciki. Da ciwo ya kwantar da shi ya ce mini, "Na sani, ina tafiya za ku cike ramin ƙofar gida da duwatsuna." Na ce haba Kawu, amma a raina na san ramin na jira.

Bayan jana'iza kuwa 'yan'uwa suka kwaso su a baro. Sai ga Mama Saratu ta fito, ta tsame mai naɗin nan. Ta goga shi a zane, ta sa harshe a gaban kowa, ta miƙa wa Alhaji.

"Duba da kyau, Alhaji. Ga ɗakunan nan sun fito. In ya ce teku ce, teku ce. Ku mayar masa da kayansa."

Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan da kansa ya juya baron.

Har yau ramin na nan, keke napep na faɗawa, kuma ba mai gunaguni. Allah ya ba Kawu hutawa, ya sa sabon ɗakin da ya koma ya fi wanda ya bari faɗi. Amin.