Malam da Keken Baba

Jiya ƙanena Sani ya haɗa mana sola a gidanmu na Ƙaura. Da fitila ta kama ya shiga tafi, ni kuwa sai marigayi malaminsa na kimiyya ya faɗo mini a rai.

Sani yana da lalurar otizim. Yana yaro ba ya haɗa ido da kowa, magana ma sai jefi-jefi. Aikinsa ya kife keken Baba ya wuni yana juya taya. Maƙwabta suka ce iskoki ne, har Baba ya yi niyyar cire shi daga makaranta.

Sai ga Malam a zaurenmu, alli duk a hannun rigarsa. Ya tattare riga ya zauna ƙasa gefen Sani, ya ɗaura ɗan dinamo mai ƙwan fitila jikin tayar. Sani ya juya, ƙwai ya kawo wuta! Ya ƙyalƙyale da dariya, ya kamo hannun Malam ya ɗora bisa feda.

Malam ya ce wa Baba, "Alhaji, ku bar matsa mishi ya dube ku. Ku dubi abin da yake kallo."

Allah ya haskaka kabarin Malam fiye da tsakar gidanmu jiya.