Ranar da Aka Baro Raliya a Fakku

Sauda ta Jabo tana da shekara bakwai ƙyanda ta tafi da idanunta, ta bar mata murya da baki. Muryar ta yi mata rana, bakin kuwa sai dai a yi haƙuri da shi. Faifai take saƙawa ta kai kasuwar Tambuwal, kuma duk wanda ya yi mata tayin raini don ya ga makauniya ce, sai ta wanke shi tas a gaban jama'a.

Ita ce zabiyar ƙungiyar zumunta ta masu lalura da ke haɗuwa duk Alhamis a wani ajin firamare a Tambuwal. Akwai makafi da guragu da kurame, har da masu lafiya da daɗin kiɗan ƙwarya ya janyo. In ana suna ko biki a gidan ɗan ƙungiya, sai su ɗauki bas su tafi gaba ɗaya.

Ba su da takardar kiran suna. Kafin mota ta tashi, Sauda ce ke jero sunaye cikin waƙa, kowa ya amsa nasa. Raliya, wata budurwa mai ɗinki, kurma ce, don haka ƙawarta Kamila ke amsa mata. Mahaifin Raliya, Malam Dikko, mutum ne mai fargabar abin da zai sami 'yarsa a waje. Sau uku Sauda ta je zaurensa kafin ya yarda yarinyar ta riƙa bin su, shi ma sai da ta ce ta ɗauki amanar a wuyanta.

Bara aka yi wani suna a Fakku, can ƙasar Kebbe. Aka ci aka sha, aka kaɗa ƙwarya har tafin hannu ya yi zafi. Bayan la'asar aka sha fama wajen ɗaure kekunan guragu a saman bas. Sauda ta yi kiran suna, aka amsa kaf, direba Attahiru ya ja mota.

Sun yi nisa ana waƙa ana tafi, sai wani abu ya tsaya wa Sauda a rai. Tafin ya yi daidai fiye da kima. Raliya hannuwan mutane take kallo ta bi, saboda haka nata tafin kullum a makare yake zuwa, kuma shekara biyu ke nan Sauda na mita a kansa. Yau babu shi.

Ta katse waƙar. "Kamila, Raliya na kusa gare ki?"

"Nika tsammani tana baya, Inna. Ni gaba anka aje ni saboda ƙafata."

"To don mi kinka amsa mata?"

Ashe Kamila ta amsa ne ba tare da ta duba ba. Bakinta ne ya saba.

Sauda ta ce wa direba a koma. Yarinyar da ba ta jin ƙahon mashin, ba ta iya tambayar hanya, an baro ta a garin da ba ta taɓa zuwa ba. Attahiru ya juya mota. Har suka koma Fakku Sauda ba ta ce uffan ba, abin da 'yan ƙungiya ba su taɓa gani ba.

Suka same ta zaune a daidai inda bas ta tsaya ɗazu. Ashe salla ta tsaya yi a cikin gida, ta fito ta tarar da wayam. Matan gidan suna sun yi ta jan ta ciki, ta ƙi motsawa. Sauda ta sauko ko sanda ba ta ɗauka ba, ta laluba fuskarta ta ji ta jiƙe da hawaye. Raliya ta daka mata duka a kafaɗa, sannan ta ƙanƙame ta. Sauda ta yi ajiyar zuciya, daɗi ya sa ta dariya da kuka a haɗe.

Raliya ta yi magana da hannu, Kamila ta fassara: kada a gaya wa Baba, zai hana ta fita.

Amma Sauda ba ta iya cin amana da shiru ba. Suna isa Tambuwal ta riƙe hannun Raliya har zauren Malam Dikko, ta zayyana masa komai, ba ta ɗora wa kowa laifin ba sai kanta. Raliya na kallon bakin mahaifinta, hannunta a cikin na Sauda.

"Cikin motar duka, wa ya lura ba ta nan?" ya tambaya.

"Ni ce, Malam."

"To, tafiya ta gaba, kusa gare ki za ta zamna."