Ƙuli-ƙulin da Na Ba Kifayen Baba

Wata Asabar ce a tsakiyar Janairu, shekarar da nake aji huɗu a firamare. Na fito da sassafe da tsintsiya a hannu, haƙorana suna haɗuwa don sanyi, na leƙa barandar Baba kamar yadda na saba. Sai tsintsiyar ta suɓuce mini. A akwatin gilashin Baba, kifaye biyu suna kwance a saman ruwa, ciki a sama, sun kumbura kamar an hura su. Ta ukun, wadda muke kira Amarya saboda jelarta mai kama da mayafi, tana ta ƙoƙarin nutsewa, ruwa yana dawo da ita a karkace. Ruwan da kullum yake garau ya koma kamar na wankin shinkafa, ga maiƙo kwance a kansa. Nan take na gane maiƙon nan. Aikina ne.

A unguwar Ɗan Iya muke a lokacin, Baba yana aikin akawu a wata makarantar sakandare. Wani malamin lissafi ɗan Indiya da zai koma ƙasarsu ne ya bar masa akwatin gilashi da jajayen kifayen ado guda uku. Mu kuwa kifin da muka sani shi ne na miya, tarwaɗa da karfasa. Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo, 'yan ajinmu har goriba suke ba ni don in shigo da su bayan mun tashi daga wasan 'yar gala-gala. Kakarmu kaɗai ce abin bai burge ba. Takan taɓe baki ta ce, "Kifin da ba za a ci ba, kuma shi sai an ciyar da shi? Allah Ya kyauta."

Da aiki ya tura Baba Azare na mako guda, ni ya kira, don ni ce babba. Ya ce, "Binta, ki saurare ni da kyau. Yanzu sanyi ne, cikinsu ba ya narkar da abu mai nauyi. Ki dafa ganyen alayyafo ya yi laushi, ki yanka mitsi-mitsi, ki ba su ɗan kaɗan da hantsi idan rana ta ɗumama ruwan. Ranar da sanyi ya tsananta kada ki ba su komai." Na ce, "To, Baba." Amma a zuciyata ban yarda ba.

Yaya zan yarda? A gidanmu da sanyi ya shigo, ci ake ƙarawa. Da asuba an hura kasko, ga ɗumamen tuwo, ga kunun tsamiya da ƙosai, Kaka tana tsaye a kanmu tana cewa, "Ku cika cikinku, kada sanyin nan ya kayar mini da ku." Ga shi a makon Inna tana suyar ƙuli-ƙuli, ƙamshi ya cika gida. Na duba kifayen nan sun lafe a ƙasan ruwa ba sa ko motsin kirki, na ce yunwa ce da sanyi suka haɗu musu, Baba kuma ya ce ganye kawai? Na ɗauko ƙuli-ƙuli mai ɗumi na marmasa musu. Suka taso suka cinye. Daɗi ya kama ni. Daga nan sai na mayar da shi sau uku a rana, kafin in tafi makaranta, da na dawo, da kuma bayan na gama wanke-wanken yamma, wani lokaci har da ɓawon ƙosai. Kwana huɗu ina haka, ina ta hasashen yadda Baba zai yabe ni idan ya tarar sun yi ƙiba.

A ranar Asabar ɗin Baba ya dawo, bayan azahar. Ya tsaya gaban gilashin. Ya sa yatsa ya lakato maiƙon ya sansana, sannan ya tambayi wanda ya zuba ƙuli-ƙuli. Na ji bakina ya ce, "Ban sani ba, Baba." Sai idonsa ya faɗa kan ƙanena Sabo, ɗan shekara shida, wanda aka taɓa kama shi yana tsoma hannu a ruwan. Aka laluba aljihunsa, ga ƙuli-ƙuli, kamar yadda yake a aljihun kowane yaro a gidan a makon. Baba, mutumin da ban taɓa ganin ya ɗaga wa yaro hannu ba, ya karyo tsumagiyar darbejiya. Ina raɓe a bayan turmi. Sabo yana kuka yana kallona, bai ce komai ba. Ni ma ban ce ba.

Amarya dai ta rayu. Baba ya riƙa canja ruwan kaɗan-kaɗan, ya hana ta abinci kwana uku, sannan ya dafa koren wake irin na Jos, ya ɓare ɓawon, ya murtsuke mata ƙwaya ɗaya. A hankali ta miƙe. Sabo bai sake taka barandar nan ba. Ni kuwa Baba ya ci gaba da kirana "Binta mai amana", kuma da wannan sunan ya kira ni har a ciwon ajalinsa.

Bara na je gidan ɗana, na tarar ya saya wa 'ya'yansa irin kifayen. Jikata tana karanta mini rubutun jikin gwangwanin abincinsu, wai wannan abincin na lokacin sanyi ne, mai saurin narkewa, kuma a rage yawansa. Maganar Baba ce sak. Ban iya cin abincin rana ba. Na tari keke na nufi unguwar Gwallaga, inda Sabo yake da shagon ɗinki. Na same shi gemu fari fat, na zauna a benci na faɗa masa komai, hawaye suna zuba. Bai ko tsayar da keken ɗinkinsa ba.

"Haba Yaya, ai na gan ki," in ji shi. "Kullum ina bayan randa ina kallonki kina marmasawa."

Na ce, "Sabo! Ka sani? To me ya hana ka faɗa?"

Ya yi dariya ya ciji zare. "Da ke aka doka, ni ma kukan zan yi. Sai na ga gara mutum ɗaya ya yi."

Yau an rubuta komai a jikin gwangwani, yaro ma zai karanta ya san abin da kifi zai iya narkarwa a cikin sanyi. A da ba mu da wannan, sai maganar babba, ni kuma na ga kamar tausayina ya fi saninsa. Nakan so a ce an mayar da ni bayan turmin nan ko na minti ɗaya ne, in fito in buɗe baki. Baba ya tafi yana kirana mai amana, alhali mai amanar yana can Gwallaga yana ɗinki.