Gwamna, Mai Muryar Ɗan Gwaggo

Shekara uku da suka wuce, wani dare bayan isha'i, aka ji wani kuka daga saman benen gidanmu na haya a unguwar Abu Hail, nan ƙasar Larabawa. Ba na mage ba, ba na tsuntsu ba. Kamar ƙyaure mai tsatsa, kamar kuma jariri na neman nono. Maƙwabciyarmu Zalika, 'yar Maraɗi mai sayar da turare, ta rantse aljani ne ya biyo kwantenar kaya. Da aka hau, sai ga abokin hayarmu Gwamna zaune a gindin tankin ruwa, yatsu biyu a baki, yana ta gwaji.

Gwamna mutumin Numan ne, ɗan masunta. Kullum da asuba yake fita zuwa wani gidan wasa a bakin teku, inda ake ajiye dolfin don 'yan kallo. Ba shi ne mai busa usur ana tafi ba. Shi yana can baya, yana narkar da kifin ƙanƙara, yana ɗura wa kowane kifi ruwa da allura. Wai dabbar nan, duk ruwan da take ciki, ba ta shansa, a jikin kifi take samun na sha. Allah mai iko. Ya ce ba kifi ba ce ma, 'yar'uwar ayun Binuwai ce: hancinta a tsakar ka, iska take shaƙa, nono take bayarwa. Kakansa kuwa ya hana su taɓa ayu mai goyo.

Akwai wata tsohuwa a cikin dolfin ɗin, Turawa sun raɗa mata nasu sunan, shi Gwaggo yake ce mata. Rannan aka ɗauke ɗanta aka kai wani gidan wasan. Ta daina ci. Kwana huɗu tana kewaya tafki tana kira, a na biyar ta fara nutsewa. Issoufou direba, mai kawo musu kifi, ya gani da idonsa: Gwamna tsaye cikin ruwa har ƙirji, ya tallabe ta don kada ruwa ya rufe hancin, tun hantsi har la'asar, yatsunsa duk sun yamushe.

Ashe kukan da muka ji a daren, kwaikwayon na ɗan ne. Kowace dolfin da irin kiranta, shi kuwa ya daɗe yana jin na ɗan yana wanke bokiti. Washegari ya tsuguna a bakin tafki ya yi kiran. Gwaggo ta juyo, ta zo, ta ci kifi uku.

Tun ranar, in ba ta ji kiran ba, ba ta ci. Bai ƙara zuwa gida hutu ba. Ko ranar Juma'a da suke coci a nan, sai ya ciyar da ita yake tafiya. In an yaba masa, sai ya sunkuyar da kai.

"Baba, ƙarya fa nake mata kullum," ya ce mini. "Ɗanta take zuwa gani, sai ta tarar da ni da bokiti."

Yanzu gwiwarsa ta ƙi, biza kuma ƙarshen watan nan za ta ƙare. Ya koya wa abokan aiki biyu, bakinsu bai iya ba. Aka ɗauki muryarsa a waya aka kunna mata, ta leƙo, ta koma.

Gwamna, ɗan Binuwai, ba kai ka gina tafkin ba, ba kai ka raba uwa da ɗa ba. Kai ne ka tarar da ɓarna ka tsaya a cikinta har ƙirji. Mun gode, Allah ya saka maka. Mu kuma masu kai 'ya'ya kallon tsalle, mu koyi sauraro irin naka kafin mu tafa.

Jiya muka yi masa shayin sallama a saman benen nan, inda ake jiyo warin teku. Ana ta dariyar aljanin kwantena, sai Zalika ta ajiye kofi, ta dubi Gwamna, ta kira shi da sunan 'yarsa:

"Baban Felicity, to ranar ɗaya ga wata, wa zai kira ta?"