Hannun Verna a Kan Sitiyari

Verna Delwiche ba ta cin kifi, ƙarninsa ma tayar mata da zuciya yake yi. Amma shekara talatin da huɗu ke nan tana tuƙa wa mijinta Orville jirgi a tafkin Michigan, kuma duk tashar jiragen ruwan garinmu Algoma babu mai dawowa da kifin salmon kamar su. Na sani, don jirgina kusa da nasu yake ɗaure. A idona mutum biyu ke sauke akwatin ƙanƙararsu suna nishi, ni kuwa da hannu ɗaya nake ɗaukar nawa. Abin yana cina, ba zan ɓoye ba.

'Yar masu kiwon shanu ce. Tun tana shekara tara take jan tarakta, daga baya ta yi aikin kamfanin cuku har ta yi ritaya. Gajeruwa ce ƙwarai, sai ta ɗora matashi biyu a kujera take hango gaba. Ba ta taɓa riƙe sandar fatsa ba.

Kamun salmon a wurinmu da jan fatsa ake yi. Ka saki fatsa shida a bayan jirgi, ka yi ta tafiyar hawainiya, mil biyu a awa. A wannan tafiyar jirgi ba ya jin magana, iska kaɗan ta karkatar da shi igiyoyi su harɗe. Ni da ba ni da mai riƙe min sitiyari, tsakanin gaba da baya nake yini ina guje-guje.

Na sayi irin fatsar Orville, na bi hanyarsa, a banza. Sai da na sa musu madubin hangen nesa na gano zancen. Jirginsu ba ya miƙewa. Can ya karkata dama, can ya dawo. Fatsar gefe ɗaya ta nutse, ta ɗaya gefen ta zabura, nan take kifi ya cafka. Ashe ba Orville ba ne da duk cika bakinsa, hannun Verna ne.

Na ce to, hannu dai ai yanzu ana sayarwa. Duk hunturu na ƙare shi wajen zaɓen na'urar tuƙi. Masu araha da an rage gudu sai su rikice, su yi ta fizgar sitiyari kamar mashayi. Na zaɓi wadda ke riƙe hanya komai sanyin tafiya, har ta iya lanƙwasa da kanta. Mai shagon ya ce, "Sai ka gaya mata zurfin kwanar, da kuma duk bayan minti nawa." Watan Yuni ɗungurungum na yi ina gwaji, akwatina yana nan ba nauyi.

Na haɗiye girman kai na same su a bakin tasha.

"A'a, Norbert!" in ji Orville. "Ina sabon direban naka? Ya iya haɗa kofi kuwa?"

"Ba wurinka na zo ba, sarkin surutu. Verna, don Allah kwanar nan taki, duk minti nawa kike yin ta?"

"Wace kwana?"

"Haba, ni za ki yi wa haka?"

"Ni fa miƙe nake tuƙi. In kana ganin rowa nake maka, gobe ka shigo ka gani."

Washegari na zauna kusa da ita da agogo da takarda, zuciyata cike da zargi. Minti huɗu, jirgi ya karkata. Na rubuta. Sai minti ɗaya. Sai tara. Lissafi ya ƙi fita, sai na ajiye agogon na koma kallon ta. Orville yana can baya, ya sunkuya kan ruwa yana gyara igiya. Verna ta juya wuya ta kafaɗar dama tana dubansa, hannunta ya bi wuyan, jirgi ya bi hannun. Da ya miƙe, ta mai da ido gaba ta gyara.

"Ga ta nan!" na ce. "Yanzu kika yi ta."

"Au, wannan?" Ta taɓe baki. "Tsohon nan bai iya ruwa ba, ko na kwabo. Rigar ceto kuma wai zafi take masa. In ban dube shi ba wa zai duba? Kai Orv, ja da baya, kar ka mai da ni mai takaba da safen nan!"

"Tuƙinki dai, uwar 'yan sa ido!" in ji shi. Kafin ya rufe baki sanda ɗaya ta lanƙwashe.

Kifi tara muka kama ran nan, ban yi murna da ko ɗaya ba. A da akwatinsu kawai nake wa hassada, ashe waccan hassadar da sauƙi.

Ranar Asabar na fita ni kaɗai, na kunna na'urata na koma baya. Wata igiya ta maƙale, na sunkuya sosai har hulata ta faɗa ruwa. Jirgi ya ci gaba da tafiya sambal, ko gezau bai yi ba.