Mu Huɗu Ne, Wai!

"Ku nawa ne a gida?" in ji mai kantin, muna tsaye ni da maigidana muna duba murhun gashin nama mai gas.

Na ce mu huɗu ne. Ya nuna wani ɗan ƙarami, ya ce ya ishe mu. Na ji daɗi, don bayan gidanmu a Salford bai fi shimfiɗar tabarma uku ba.

Maigida ya girgiza kai. "Maman Hanifa, mutumin nan masu kwana a gidan ya ƙirga, bai ƙirga masu jin ƙamshi ba."

Ya dage sai babba. Na yi ta mita har gida.

Ran Asabar ya jera tsire, ya ɗora hoto ɗaya a status. Kafin la'asar takalma sun cika ƙofa. Har ƙaninsa ya taso daga Birmingham da iyalinsa, wai hanya ce ta biyo da su!

Tsinke ɗaya na samu, shi ma sai da na ɓoye a kicin.

Jama'a, haka gidanku yake? Mu dai babban ma ya yi mana kaɗan.