Minti Goma na Malam Jibo

Duk wanda ya taɓa zuwa karɓar irin masara a sitonmu na Ƙarfi ya san Malam Jibo. Dogo ne siriri, tabaransa ɗaure da zare ta kunne ɗaya, makullai na rinjayar masa da aljihun gaba. Shekara ashirin da shida ya yi yana riƙe da siton kamfanin irin shuka da ni Maiwada nake wa direba, kuma ban taɓa zuwa na tarar da ƙofarsa a rufe ba. In kun yi da shi ƙarfe takwas, takwas saura za ka same shi tsaye yana duba agogo yana harararka, kai da ka zo a kan lokaci. Mukan tsokane shi mu ce ko zakaran gidansa shi yake tasa da asuba. Sai dai ya yi murmushi ya ce, "Ku yi ta wasa da lokaci."

Shekara uku ke nan kamfani ya kawo sabon tsari. A da kowane ma'aikaci kalmar sirri uku ko huɗu yake riƙewa, wasu har a bango suke rubutawa. Aka ce yanzu sau ɗaya za ka shiga da safe, babbar kwamfutar da ke hedikwata a Funtuwa ta shaida ka, daga nan rumbun bayanai ya buɗe maka ba sai an sake tambayarka ba. A rumbun nan sunayen manoma suke, da irin da za a ba kowa. Abin ya zauna a Bakori, ya zauna a Malumfashi. A Ƙarfi kuwa ya ƙi. Malam Jibo zai shiga kwamfutarsa lafiya lau, amma da ya nemi sunayen manoma sai ta ce ba ta san shi ba.

Mai kula da kwamfutocin kamfani shi ne Levi Toma, mutumin Malumfashi, wanda sai ka yi masa magana goma kafin ya mayar da ɗaya. Sau uku na kai shi Ƙarfi. Ya canza kalmar sirri, ya canza waya, ya cire manhajar ya sake sa ta. Kowane zuwa sai ya kashe kwamfutar ya kunna, ta buɗe tas, mu koma Funtuwa da murna. Washegari da safe sai ga kiran Malam Jibo, murya a sanyaye: "Levi, ta sake ƙin ni."

Ga shi ruwa ya sauka, manoma sun yi dafifi a ƙofar sito da baburansu, wasu tun daga Gozaki. Manaja, Alhaji Zaharaddeen, ya ce ba wani abu ba ne, tsufa ne, mutumin ba zai iya da zamani ba. Ya ce in Juma'a ta yi ba a gyara ba, Malam Jibo ya ajiye makullai. Wallahi raina ya ɓaci. Mutumin da ko ƙwayar masara ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba, a ce akwatin ƙarfe ne zai kore shi? Haba! Na faɗa wa Levi haka a mota, har da dukan sitiyari. Da muka wuce Bakori sai ya ce, "Ranar Alhamis ka ɗauke ni da sassafe. Ba zan taɓa komai ba, kallo kawai zan yi."

Muka isa Malam Jibo na buɗe ƙofa. Ya share ƙasa, ya goge tebur, ya yi bismilla ya kunna kwamfuta. Ya ɗaga hannun riga ya dubi agogonsa, ya dubi kusurwar allon, ya girgiza kai, ya danna nan ya danna can.

"Baba, tsaya," in ji Levi. "Me ka yi yanzu?"

"Agogonta na gyara. Kullum da safe sai na tarar ta ja baya da minti goma."

Levi ya dafe kai. Ya yi masa bayani a hankali: babbar kwamfutar Funtuwa ba ta yarda da duk kwamfutar da agogonta ya saɓa da nata fiye da minti biyar, don tana zaton ɓarawo ne ya zo da shaidar wani. "Agogonta daidai yake, Baba. Naka ne ke gaba."

"Na sani," in ji Malam Jibo.

Ya zauna kan buhu, ya cire tabarau. Ya ce a shekararsa ta biyu a aikin nan aka aiko daga Gozaki cewa mahaifiyarsa ta rasu, za a yi jana'iza bayan azahar. Ya duba agogo ya ga da sauran lokaci, ya tsaya ya sallami manoma biyu da suka rage, ya kulle sito. Ashe agogon baya yake ja. Yana shiga gari ya haɗu da mutane suna dawowa daga maƙabarta, ƙasa a ƙafafunsu. Ƙanensa ya ce masa, "Yaya, da ka riga haka da minti goma." Tun daga ranar, duk agogon da ya shigo hannunsa sai ya tura shi gaba, na gida da na sito, har ya daina jin cewa turawa yake yi. Shekara nawa muna tare ban taɓa jin wannan ba, kuma ni ne kan gaba wajen tsokanarsa. Kunya ta kama ni, na fita waje na tsaya jikin mota.

Da na koma ciki, Levi ya kira manaja a gabanmu ya ce an gano matsalar, kuma laifinsa ne da bai kulle agogon kwamfutar ba tun farko. Malam Jibo ya miƙa hannu ya karɓi wayar. "Ranka ya daɗe, ni na taɓa, da hannuna. Kada a ɗora wa yaron nan." Alhaji ya ce a buɗe wa manoma. Ba a sake maganar makullai ba. Levi ya kulle agogon, ya yanki baƙin salatif ya manna a kusurwar allon, don kada idon tsohon ya riƙa faɗawa kan lokacin da ba nasa ba.

Bara da kaka Allah ya yi wa Malam Jibo rasuwa, wata Talata da hantsi. Muna Funtuwa labarin ya same mu, aka ce sallar gawa ƙarfe biyu a Ƙarfi. Na ce wa Levi bari in sa wani abu a ciki, da sauran lokaci. Ya ce, "Tashi mu tafi." Muna tsayawa ana fito da shi. Na shiga sahu da gudu, Levi kuma ya tsaya can gindin darbejiya, kai a sunkuye, har aka idar.

A hanyar dawowa idona ya kai kan agogon hannunsa, na dubi na mota. Nasa na gaba da minti goma. Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun ranar Alhamis ɗin nan."